Sanƙarau da Mutuwar Ƙwayoyin Ƙwaƙwalwa



Duk wanda ya ga annobar sanƙarau da ta auka mana a yankin Gumel daga ƙarshen 2022 zuwa bazarar 2023, lokacin da Jigawa ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, alhali cutar tana addabar maƙwabtanmu na Damagaram, ya san ba duk wanda Allah Ya tashi kafaɗarsa ne ya dawo yadda yake da ba: wani ya kurumce, wani farfaɗiya ta aure shi, wani yaron kuwa allonsa ya gagare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin biyar na masu kamuwa yakan saura da illa.

Mene ne sababi? Ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta bai shige kashi 2 cikin 100 na jiki ba, ita ke shan kashi 20 na iskar oksijin da jini ke ɗauka, kuma ba ta da tanadi ko na sa'a guda. Idan ƙwayar cuta ta shiga rigar da ke lulluɓe da ita, sai mayaƙan jiki su tasar mata, wurin ya kumbura, ga shi ƙoƙon kai ba ya miƙewa, sai hanyoyin jini su matse, ƙwayoyin jijiya su rasa abin da ke riƙe rayuwarsu.

Abin al'ajabi yana nan gaba. Ƙwayar jijiyar da ta galabaita takan zubar da sinadarin gulutamet, wanda a lokacin lafiya shi ne manzon da ke kai saƙo tsakanin ƙwayoyin jijiya, amma idan ya ƙetare haddi sai ya buɗe wa kalsiyam ƙofa ya kwarara cikin maƙwabtanta har ya narkar da su, tamkar gobara ta kama zanar gida ta tsallaka ta maƙwabci. John Olney na Amurka ne ya bayyana wannan ta'adi na gulutamet a 1969. Wasu ƙwayoyin nan take suke fashewa, wasu sai bayan kwanaki suke rushe kansu sannu a hankali, kuma galibin waɗanda suka tafi ba a haifar musu magada.

Saboda haka ne likitoci, da zarar an kawo musu yaro mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya da gudun haske, ba sa jiran sakamakon ruwan da suka ɗebo daga bayansa kafin su soma allura. Daren da aka kwana da shi a ɗaka ana cewa iska ce ta taɓa shi, kafin a kama hanyar asibitin Gumel, a cikinsa ake yin mafi yawan hasarar.