GAJIYAR DA BARCI BA YA MAGANINTA

Ya kai manomi, gajiya iri biyu ce. Akwai ta yini guda: ka ci tuwo, ka kwanta, da safe ka tashi garau. Akwai kuma wadda ke taruwa sannu a hankali, shekara da shekaru, har barci ya kasa mata. A kan ta biyun za mu yi magana.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wahalar aiki mai tsawo ke kawo ta. Alamominta uku ne:

1. Ƙarfinka ya ƙare tun da safe.
2. Ka tsani aikin da kake so a da.
3. Kana aiki, amma aikin ba ya ci gaba.

Yaya take shiga jikin mutum?

Dubi shekararka a nan ƙasar Gaya. Da damina kana gonar hatsi. Ka gama girbi, sai fadama ta kira ka: rake, rogo, dankali. In kana da fili a gandun shinkafa na Tara, noma biyu ke gabanka a shekara. Babu watan hutu.

Aiki kaɗai bai cika karya mutum ba. Sai ya haɗu da bashi. Ka ɗauki taki bashi wurin ɗan kasuwa. Da kaka ka biya shi da buhuna, lokacin da hatsi ya fi araha. Ga kuɗin ruwa na ƙungiya. Da bazara rumbu ya ƙare, ka sayi hatsi da tsada. Da dare kana lissafi, barci ya gudu. Da safe ba ƙarfi, noma ya makara, amfani ya ragu, bashi ya ƙaru. Haka suke ciyar da juna.

Wani nauyin ba laifinka ba ne. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, cinikin Kamba ya yi sanyi. A 2023 aka rufe gadar Malanbil, kaya suka koma kwalekwale, farashi ya hau. Wanda ke da tsohon bashi shi ya fi jin jiki.

Me za ka yi?

1. Ka yi yaƙi da jahilci, to yi amfani da alƙalaminka. Rubuta bashinka duka, da ranar biya. Bashin da ke takarda bai kai na cikin kai nauyi ba.
2. Kada ka sayar da hatsinka duka da kaka. Tambayi ƙungiyarku zancen ajiye buhuna a sito, a ba ka rance a kansu, ka sayar in kuɗi sun hau.
3. Kada ka noma filin da ya fi ƙarfinka. Ƙaramar gona mai gyara ta fi babba mai ciyawa.
4. Ku raya gayya da adashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
5. Huta yini guda a mako, ka bar aikin tsakar rana.
6. Kada ka sha ƙwaya kamar taramol don ƙarin ƙarfi. Ɓoye gajiya take yi, ta bar ka da jaraba.

Ka lura da uwargida ma: gona, daka, ruwa da itace duk suna kanta.

In rashin barci ya daɗe, ko abinci ya fita ranka, ko ka ji duniya ta ishe ka, gaya wa wani amininka, ka tafi gidan likita. Wannan ba ƙyuya ba ce, ba kuma abin kunya ba ne.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.