Samaru da Sabon Garin Zariya a Idon Dattawan da Suka Tashi a Cikinsu

Sabon Gari da Samaru ba sa cikin ganuwar Zazzau, kuma ba su da tsufa irin na birni. Aikin albashi ne ya kafa su duka biyu a farkon ƙarni na 20: Sabon Gari saboda jirgin ƙasa, Samaru kuwa saboda gonar gwaji. Don haka dattijon da aka haifa a ɗayansu cikin shekarun 1940 ya ga mafi yawan tarihin wurin da idonsa, ragowar kuma ya ji shi daga bakin iyayen da suka zo da kafuwar garin.

Hanyar dogo ta iso Zariya a 1911, daga Baro za ta Kano, a 1912 kuma aka haɗe ta da ta Legas. Daga baya aka fitar da ƙaramin layi zuwa ma'adinan kuza na Jos, sannan wani ya bi ta Gusau har Ƙaurar Namoda a 1929. Zariya ta zama mahaɗar jirage, aikin kuwa yana neman akawuna da direbobi da makanikai da leburori. Da yawansu daga kudu suka zo, wasu har daga Gana da Saliyo. Turawa ba su yarda a sauke su cikin birni ba. Sai aka yanka musu filaye a tsallaken kogin Kubanni, kusa da tasha, aka ja tituna a miƙe, aka sa wa wasu sunayen garuruwan kudu kamar Legas da Benin. 'Yan Arewa waɗanda ba Zazzagawa ba aka ware musu Tudun Wada, Turawa kuma suka keɓe a tasu unguwa. Kamfanonin John Holt da UAC da Paterson Zochonis suka buɗe kantuna suna sayen auduga da gyaɗa da fata, na ƙarshen nan har ya bar wa unguwar PZ sunansa. Rabon da Turawa suka tsara bai daɗe ba ya sukurkuce, domin ciniki ya jawo Hausawa da Nufawa Sabon Gari tun da wuri.

Abin da dattawan Sabon Gari suka fi dogon bayani a kansa shi ne gidan haya. Gida ɗaya, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, makewayi ɗaya. Wannan ɗaki na Bayarabe tela, na kusa da shi na Ibo ma'aikacin reluwe, na ƙurya na Bahaushe mahauci. Yaran gidan duk Hausa suke yi a tsakaninsu, ko da wane yare ake yi musu faɗa a ɗaki. Kowace babbar mace Mama ce, kowane magidanci Baba ne, kuma wanda ya ga yaro yana ɓarna yana da ikon tsawata masa ba sai ya nemi izinin ubansa ba. Ranar Sallah tuwo da nama su zagaya ɗakuna, ranar Kirsimeti shinkafa ta biyo sawu. Kukan jirgi shi ne agogon unguwa. Da dare samari su nufi silimar Rex kallon fim ɗin Indiya ko na kaboyi. Mutanen birni kuwa kallon bariki suke yi wa wurin, inda ake giya da kiɗa, yaron kirki ba ya kai magariba a can.

Wannan cakuɗa ta sa siyasar adawa ta sami gindin zama a Sabon Gari. A nan Hajiya Gambo Sawaba ta tashi. An haife ta a 1933, mahaifinta ɗan Gana ne da ya zo aikin jirgi, mahaifiyarta Banufiya. Ta shugabanci matan jam'iyyar NEPU, ta sha ɗauri, an ce har sau 16, tana neman a ba matan Arewa damar jefa ƙuri'a, abin da bai samu ba sai a ƙarshen shekarun 1970. Tsofaffin matan unguwar da suka gan ta ido da ido suna nan da sauransu.

Samaru tata hanya daban ce. Tana kan titin Funtuwa da Sakkwato, kimanin kilomita 15 daga birni, a yankin da a da gonakin ƙauyuka ne irin su Bomo. A 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona ta Arewa a wurin, a 1928 aka buɗe gonar dabbobi a Shika, makarantar koyon aikin gona kuma ta biyo baya. Garin Samaru na farko mazaunin leburori da malaman gona ne. Daga filayen gwajin nan aka riƙa fitar da irin auduga da gyaɗa da dawa da masara da wake, har yau ma irin da cibiyar ke fitarwa da harufan farko na sunan garin yake farawa, kamar SAMMAZ na masara da SAMNUT na gyaɗa. A shekarun 1950 aka kawo kwalejin fasaha da kimiyya, wadda ɗalibanta na zane irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka yi suna a duniya. Ranar 4 ga Oktoba, 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a harabarta.

Jami'ar ta juya ƙauyen gaba ɗaya. Manomi ya zama mai gadi ko masinja, wani kuku, wani direba, wani mai ban ruwan furanni a gidajen malamai da suka zo daga Ingila da Indiya da Amurka da sauran ƙasashen Afirka. Albashin ba shi da yawa, amma yana zuwa ƙarshen kowane wata, kuma yana tafe da abin da ya fi shi daraja, wato kusanci da makaranta. Ba abin mamaki ba ne a Samaru a ga gidan da kakan lebura ne a gonar gwaji, uban akawu a jami'a, jikar kuma likita ce a asibitin koyarwa na Shika. Titi ɗaya ne ya raba harabar da garin, sai dai bambancin da ke tsakaninsu a bayyane yake: can itatuwa da kwalta da famfo, nan lunguna da kwatami.

Shekarar 1966 ce ta fara tsaga zaman. Bayan kashe Sardauna a Janairu, gwamnatin Janar Ironsi ta kafa doka ta 34 ranar 24 ga Mayu, wadda ta soke tsarin yankuna. Zanga-zangar da ta biyo baya, wadda ɗaliban jami'ar suka shiga, ta rikiɗe ta zama farmaki kan Ibo, na watannin Satumba da Oktoba kuma ya fi muni. Jirgin da ya kawo iyayensu shi ya kwashe waɗanda suka tsira zuwa gabas. Shaguna suka rufe, kujeru suka zama wayam a reluwe da gidan waya. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970, da yawa sun dawo sun karɓi gidajensu, kasuwar Sabon Gari ta sake cika. Dattawa ba su cika son buɗe wannan babi ba, in sun buɗe kuma sun fi tsayawa kan maƙwabcin da ya ɓoye maƙwabcinsa.

Shekarun 1970 su ne ake kira lokacin da ƙasa ke ƙasa. Motoci suka koma bin hannun dama a 1972, naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a 1973, kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka cika gari da rediyo da kekuna da babura, a 1976 aka buɗe firamare kyauta ga kowa, a 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali. Ko a lokacin ba a rasa jini ba. A Afrilun 1978 an harbe ɗalibai a Samaru a zanga-zangar ƙarin kuɗin abinci, aka sake harbin ɗalibai ranar 23 ga Mayu, 1986.

Daga 1986 abubuwa suka fara zamewa. Shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, malaman ƙetare suka tattara nasu ya nasu. Manyan motoci sun riga sun ƙwace dakon kaya daga jirgi, tashar da ta haifi Sabon Gari ta koma wurin da ciyawa ke cin taragai. Masana'antun da suka ɗauki mutane aiki, irin su ta taba da ta gurzar auduga, suka yi ta raguwa. Wanda ya yi shekara talatin yana hidima ya koma bin layin fansho. Famfo ya ƙafe, 'yan ga-ruwa da masu burtsatse suka karɓi aikin. Wuta ta zama baƙuwa, janareta ya zama ɗan gida. Ɗan ma'aikacin reluwe ya hau acaɓa, ƙanensa ya hau Keke Napep. A taƙaice, garuruwan da albashi ya kafa sun koma rayuwa kan buga-buga.

Amma idan aka tambayi tsofaffi canjin da ya fi yi musu ciwo, ba kuɗi suke fara ambata ba. A Maris na 1987 rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu zuwa Zariya, aka ƙone majami'u da dama a Sabon Gari da Samaru. Tarzomar bayan zaɓen 2011 ta zo, a Yunin 2012 aka kai harin bam majami'u a Sabon Gari da Wusasa, a Yulin 2015 wani bam ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukuma da ke Dogarawa. Bayan kowane tashin hankali sai wasu iyalai su sayar da gida su koma inda 'yan addininsu suka fi yawa. Ba doka ce ta raba su ba wannan karon, tsoro ne. Kasuwa da aji da asibiti har yanzu a haɗe suke, sai dai yaro yana iya girma bai taɓa cin abinci a ɗakin wanda ba addininsu ɗaya ba, abin da kakansa ba zai iya kwatantawa ba.

Girman gari bai tsaya ba duk da haka. Gonakin da ke tsakanin Sabon Gari da Samaru, inda a da mai keke ke gudun duhu ya riske shi, yanzu gidaje ne a manne tun daga Kwangila da Hanwa zuwa Palladan da Zango. Hayin Dogo ya zama gari guda. An yi ƙaramar hukumar Sabon Gari, wadda Samaru ke cikinta, ƙidayar 2006 kuma ta ba ta mutane kusan 290,000. Abincin Samaru a yau ɗalibi ne: ɗakin haya, gidan abinci, shagon buga takardu, mai POS. An ga haka ƙarara a 2022, da malaman jami'o'i suka yi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba, kasuwar garin ta yi tsit.

Labarin dattijo yana bukatar awo, domin ƙuruciya takan ƙara wa jiya zaƙi. Zamanin da ake yabo shi ne kuma zamanin agana da ƙyanda da ke kwashe yara, da dogarai masu kamun haraji, da aurar da yarinya kafin ta iya rubuta sunanta. Tsohuwar da ke kukan tsadar masara ita ce kuma za ta lissafa jikokinta mata da ke jami'a. Wayar hannu da ta shigo a 2001 ta rage ziyara, amma ta kawar da tafiyar kwana guda don isar da saƙon rasuwa.

Akwai abu guda da shekaru ba su warware ba. Iyalai da yawa a Sabon Gari da Samaru sun kai zuriya ta uku ko ta huɗu a wurin, a nan suka binne iyayensu, wasu ko hanyar garin kakanninsu ba su sani ba. A zamanin Gwamna Nasir El-Rufai gwamnatin Kaduna ta sanar da cewa ta daina bambanta ɗan asali da mazauni. Sai dai takardun shiga jami'a da na neman aikin gwamnatin tarayya har yanzu suna tambayar jiha da ƙaramar hukumar asali, kuma jikan ma'aikacin reluwe da aka haifa a titin Benin yakan yi tafiya zuwa garin da bai taɓa kwana ba don ya karɓo wannan shaida.