Tsohuwar bashe da shan mai

Ƴan'uwa manoma, ko kai ne mai motar, ko ta ƙungiya ce, ko haya kake biya, kuɗin mai daga aljihunka yake fita. Duk buhun wake, ko aya, ko albasa da bashe ta ɗauka zuwa kasuwa, an lissafa mai cikin kuɗin ɗaukarshi. Tun shekarar 2011 ake tace mai a SORAZ kusa da Damagaram, amma da yawa cikinmu sun saba da na kwalba mai fitowa Najeriya. A shekarar 2023 Najeriya ta cire tallafin mai, arhar nan ta wuce. Sai mu duba motar kanta.

Da farko ka san abin da take sha. Cika tanki har baki, ka rubuta lambar kilomita. In agogon ya mutu, duwatsun bakin hanya suna nan, ka iya karanta su. Ka yi tafiyarka, ka sake cikawa har baki. Litocin da sunka shiga karo na biyu, su ne ta sha. Misali kilomita 200, lita 28: ke nan lita 14 a kilomita 100. In gyara ya maido ta lita 11, ka tsira da lita 3 a kowace ɗari. Maradi zuwa Damagaram kamar kilomita 240 ne. Zuwa da komowa, kusan lita 14 sun rage maka.

Babban ɓarawon mai a ƙasarmu ƙura ce. Tsohuwar Peugeot 404 ko 504 tana gauraya mai da iska cikin karburato kafin su ƙone. Iskar tana bi ta matata. In ƙurar hunturu ta toshe matatar, iska ta kasa, sai injin ya jawo mai fiye da kima. Man da bai ƙone ba ya fita baƙin hayaƙi. Lokacin hazo, buɗe matatar kowane mako. In ta takarda ce, a kakkaɓe ta a hankali, kada a wanke ta da ruwa. In ta huje a sake wata. In mai kwanon baƙin mai ce, a zubar da taɓon da ya kwanta, a sa sabon mai daidai layin. Wasu kan cire matatar gaba ɗaya, wai don mota ta sha iska. Rairayi ne zai shiga ya cinye injin, kuma gyaran inji tsada gare shi.

Buji kuma yana ba da labari. Kwance ɗaya ka duba bakinshi. In launin ƙasa-ƙasa ne, lafiya lau. In baƙi ne ƙirin da kunkunniya, mai ya yi yawa, a kai wa makaniki ya daidaita karburato. Kana can, tambaye shi ko tarmosta tana nan. Wani ɗan marfi ne mai tsare ruwa har injin ya ɗumama. Ana yawan jefar da ita don tsoron zafi, alhali inji mai sanyi ya fi shan mai, balle da asubahin watan Janairu. Mota mai tafasa, a wanke mata lagireto.

Sai taya. Direba yakan rage iska don ratsa tudun rairayi, kuma daidai ne. Amma in an hau kwalta a maida iskar, don taya mai laushi jan mota take baya, ga saurin lalacewa. A auna da safe, kafin ta yi zafi. In kun tsaya a hanya, kai hannu kusa da kowace ƙafa. Wadda ta fi sauran zafi, birkinta na kamawa, da shi kuke ta ja. Mai Hilux mai jan ƙafa huɗu ya tuna ya cire na gaba in ya bar rairayi.

Saura ƙafar direba, kuma a ganina nan ne aka fi asara. In ka ninka gudu biyu, iskar da ke tare mota ninkuwa take huɗu. To, ga buhuna an jibga sun wuce kan direba, ga mutane bisa, ga tanfol yana filfilwa. Kilomita 70 zuwa 80 a awa sun isa. A shimfiɗa kaya ƙasa-ƙasa, masu nauyi kusa da gaba, a ɗaure tanfol tamau. A tasha, in lodi zai daɗe, kashe injin. Wanda ke barin ta a kunne don batir ya mutu, a mako nawa zai ƙone kuɗin sabon batir?

Amma kada ka yarda direba ya kashe inji a gangara, kamar wajen Dogonduci ko tsaunukan Adar. Abin da zai rage bai kai cikin kofin shayi ba, kuma a motoci da yawa birki tauri yake yi in inji ya mutu.

In dole ta sa ka sayi na kwalba, ɗaga ta ka duba gindinta, ruwa ƙasa yake kwantawa. A tace da tsumma mai tsabta. Kowace cikawa, rubuta rana da lita da kilomita a littafin ƙungiya.