Sabon keke: a duba kafin a ɗora kaya

Jama'a masu saurare, na Malanbil da Gaya, na Karimama da Gene, da na Kamba can ƙasar Kabi, shirinmu na wannan mako ya tsaya kan sabon keke. Mutum ya saida tunkiya ko buhunan albasa ya saye shi, ya ga yana ƙyalli, sai ya ɗauka ba abin dubawa. To, ba haka ba ne.

Keke daga masana'anta cikin kwali yake fitowa, ba a gama haɗa shi ba. Galibi daga Sin ko Indiya ake kawo shi, ya sauka tashar ruwan Kwatano, ya yi tafiyar sama da kilomita 700 a mota, ta Paraku da Kandi, kafin ya iso nan. A kasuwa ake ɗaura feda, da sirdi, da kai, da ƙafar gaba. Mai haɗawa kuwa in kasuwa ta cika sauri yake yi. Noti ɗaya da bai ɗauru ba ya isa ya kada mutum gaban tirela.

Farko birki. Ka tura keken, ka kama na gaba shi kaɗai, sannan na baya. Kowane ya tsaida ƙafa tun hannun birkin bai taɓa kai ba. Robar birki ta kama ƙarfen ƙafa, kada ta goga taya. Ka kuma san wane hannu ke kama gaba, don ba duk kekuna suke ɗaya ba. Wanda ya damƙe na gaba a gangara, ta kai zai sauka.

Na biyu, kai. Ka matse ƙafar gaba tsakanin gwiwoyinka, ka murɗa kan keken. In ya juya ƙafa ba ta bi ba, a ɗaure. Sirdi ma haka. Ƙarfen sirdi yana da zane wanda ba a so a ɗaga ya wuce shi.

Na uku, ƙafafu. Ka ɗaga keken ka juya kowace, ka ga ko tana rawa. Ka daddanna wayoyin ƙafa da yatsa, mai laushi a ja ta. Iskar da taya ke ɗauka tana rubuce a gefenta. Taya mai ƙarancin iska da nauyi a kai, ramin farko zai cije tib.

Na huɗu, feda da sarƙa. Fedar hagu zarenta a juye yake, hagu ake murɗawa a ɗaure ta. Wanda bai sani ba sai ya tilasta ya cinye zaren. Sarƙa a ɗiga mata mai kaɗan, kada a yi mata wanka, don yashin nan namu mai yake bi.

Sai maganar kaya, nan makiyaya da 'yan kasuwa su buɗe kunne. Jarka biyu masu lita 25 cike da ruwa kilo 50 ke nan, madara ma ta ɗan fi. Ka duba notocin kariya, ka raba nauyi daidai hagu da dama, igiya kada ta yi lilo kusa da wayoyi. Ka fara zagayawa ba kaya, sannan da rabi. Keke mai kaya ba ya tsayawa inda ka saba.

Lokacin da aka rufe gadar Malanbil da Gaya a 2023, mutane da yawa suka koma ƙetare Kwara a jirgin ruwa. In keke ya jiƙe, ka goge shi ka sake sa mai, kuma ka san birki mai laima ba ya kamawa nan take.

Mai shiga daji ya riƙe famfo, faci, sholisho da sifana, saboda tsidau da ƙaya. Mai dawowa bayan magariba ya sa fitila, da abin ƙyalli a baya.

Ga abin da aka fi mantawa: bayan mako biyu da fara hawa, a maida keken wurin mai gyara. Lokacin ne wayoyi da notoci ke saki. Ka yi wannan sharaɗi da mai saidawa tun ba ka biya ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya.