Amfanin Kallon Majigi Sau Biyu

Jama'a, majigi ma kamar karatu yake, sai da bita. Kwanan baya na sake kallon Captain America: The Winter Soldier na kamfanin Marvel, wanda ya fito a 2014, watau ci gaban labarin da aka soma a 2011.

Karon farko dambe da rugugin jirage kurum na gani. Da na maimaita, sai na zura wa Alexander Pierce ido, babban jami'in nan mai bakin zuma, alhali kuwa shi ne madugun 'yan Hydra da suka ɓuya cikin hukumar tsaro ta SHIELD. Nufinsu su tayar da manyan jiragen yaƙi 3, su hallaka duk wanda ake zaton zai yi musu tsaurin kai, tun bai motsa ba. Steve Rogers ya ƙi yarda, ya kuma ƙi kashe amininsa Bucky, wanda aka juyar wa hankali.

To, a kula. Wanda tsoro ya sa ya miƙa 'yancinsa ga mai cewa zai tsare shi, lalle ya ba kura ajiyar nama.