Ɗan kan da ke gaban parabol: shi ke sauko da tashoshi cikin ɗaki

Daga Maradi har Damagaram, da wuya ka ga unguwar da babu faifan parabol bisa rufi. Amma faifan tattara sigina kawai yake yi. Babban aikin yana hannun ɗan kan nan da ke gabansa, wanda masu gyara ke kira LNB.

Tauraron ɗan adam da ke nesa da ƙasa kimanin kilomita 36,000 yana aiko da sigina a mita mai yawan gaske, tsakanin megahaz 10,700 da 12,750. Idan aka zuba ta haka cikin waya, za ta raunana kafin ta kai dekoda. Sai LNB ya samar da tasa mitar, 9,750 ko 10,600, ya gauraya ta da wadda ta zo, ya ɗauki bambancin. Tashar da ke kan 11,000, misali, sai ta sauko zuwa 1,250, wadda waya ke iya ɗauka. Dabarar ba sabuwa ba ce: Ba'amurke Edwin Armstrong ya fito da ita a 1918, kuma da ita mafi yawan akwatunan rediyo ke kama tashoshi.

Nan ne magidanta ke asarar kuɗi. Hoto na ɓacewa, sai a ruga sayen sabuwar dekoda, alhali sau da yawa lambobin 9750 da 10600 ne aka taɓa a saitin. Da damina kuma ruwa kan shiga mahaɗar wayar, wadda ta cikinta ne dekoda ke aika wa LNB wutar bolt 13 ko 18. A fara duba waɗannan kafin a tafi kasuwa.