Me ake nufi da mayar da makaranta ƙaramar sakandare?

Idan aka ce makarantar gwamnati ta koma ƙaramar sakandare, ma'anarsa ita ce ajujuwa uku na farko kaɗai za ta riƙe. Mafarin abin tsarin 6-3-3-4 ne, wanda Najeriya ta fara aiki da shi a 1982. Daga baya Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, dokar 2004 kuma ta wajabta karatun shekara tara kyauta: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. A Jigawa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) ke kula da wannan mataki.

Amfaninsa a fili yake: yaron Gagarawa Tasha ko na ƙauyukan Sule Tankarkar ya gama firamare, ya zarce kusa da gida.

Matsalar tana bayan jarrabawar aji uku. In babbar sakandare ta yi nisa, sai keke, ko kuɗin acaɓa kullum, ko makarantar kwana. Magidancin da damina ba ta yi masa kyau ba yakan haƙura, kuma 'ya mace ce ke fara zaman gida.

Iyaye, kafin ku amince da sauyin, ku tambayi hukuma inda 'ya'yanku za su yi aji huɗu.